Tambaya: mutum zai iya haɗa man itanol a gida motarsa ta yi tafiya da shi?

Sabon_Direba:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min da bayani. Na daɗe ina jin cewa akwai ƙasashen da motocinsu da itanol suke yawo maimakon fetur, kuma wai daga rake ko masara ko rogo ake fitar da shi, to shine nake ta tunanin ko mutum ɗaya zai iya haɗa nasa a gida wanda zai ishi motarsa, ko da rabin abin da take sha ne. Motata ta ɗan kwana biyu amma mai injekta ce ba kafireto ba, silinda huɗu, a sati tana shan kamar lita 30. Ina da fili a bayan gida, ina kuma da hanyar samun rogo mai yawa. Abin da nake son sani, wane kaya ake buƙata, lita nawa mutum zai samu daga misali kilo 100 na rogo, sannan in na samu zan iya juyewa cikin tanki kai tsaye in gauraya da fetur ko sai an taɓa injin? Na yi tambaya wani yace zuba kawai ba abin da zai faru, wani kuma yace injin ba zai yi sati ba zai kwanta, na rasa maganar wa zan ɗauka. Da gaske nake son gwadawa.

Malam_Kimiyya:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Eh ana yi, kuma ba wani sirri a ciki, amma bari in nuna maka tun farko inda wahalar take don kar ka zuba ƙarfinka inda ba nan matsalar take ba. Samar da itanol ɗin ba wuya, yis ne ke yin aikin. Raba shi da ruwa shine babban aiki, a nan yawancin masu gwadawa suke tsayawa.

Yis sukari yake ci ya fitar da abu biyu, itanol da iskar kabon dayoksaid, kusan rabi da rabi a nauyi. A lissafin takarda kilo 1 na sukari yana ba da giram 510 na itanol, wato wajen lita 0.65, amma a zahiri shi kansa yis ɗin yana cin nasa ya hayayyafa, wasu ƙwayoyin su ma su ɗebi nasu, don haka in ka samu lita 0.55 ka yi ƙoƙari. Ruwan rake da molasis, wato baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura bayan an cire sukari a masana'anta, su sukarinsu a shirye yake, sirkawa da ruwa kawai za ka yi ka sa yis. Rogo da masara kuwa sitaci ne, kuma yis baya iya cin sitaci, dole ka niƙa ka dama da ruwa ka dafa har ya yi kauri, sai ka zuba inzayim, wato sinadarin da ke narka sitaci, wanda ake kira alfa amiles yana kan zafin digiri 85 zuwa 90, zaka ga kaurin ya tsinke ya koma ruwa-ruwa, ka bari ya huce zuwa 55 ko 60 ka zuba na biyu, guluko amiles, shi zai ƙarasa mayar da shi sukari, sannan sai ya sauko wajen digiri 30 kafin yis ya shiga. In ka sa yis da zafi ya haura 40 ka gama da shi. Hatsin da aka jiƙa ya tsiro yana da irin wannan inzayim a jikinsa, ana iya amfani da shi, sai dai bai kai na kamfani ƙarfi ba kuma zai bar maka sitaci da yawa bai narke ba.

Tunda rogo ka ambata, abu biyu. Ɗanyen rogo baya jira, kwana biyu zuwa uku bayan an haƙo shi ya fara lalacewa, ko dai ka sarrafa shi nan take ko ka yayyanka ka shanya. Na biyu, rogo mai ɗaci yana da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid idan an niƙa an dafa, a fili ake wannan aikin inda iska ke kaɗawa.

Wajen tsimawa duro mai murfi kake so, ka huda murfin ka sa tiyo, ɗaya bakin tiyon ka tsoma shi a kwalbar ruwa, iskar ciki ta riƙa fita ta waje kar ta shiga. In iska na shiga akwai ƙwayoyin da za su mayar maka da itanol ɗin asid mai tsami, ka yi asarar mai kuma asid ɗin ya bi ka har cikin tanki yana cin ƙarfe. Cikin kwana uku zuwa mako guda kumfar za ta tsaya. Abin da ke cikin duron a lokacin itanol ɗinsa kashi 8 zuwa 12 cikin 100 ne kawai, sauran duk ruwa ne da tsaki, don yis na yau da kullum in itanol ya kai wajen kashi 14 shi ma mutuwa yake. Kaga kenan duro mai lita 200 abin da zai baka wajen lita 20 ne.

To sai tacewa da tururi. Itanol yana tafasa a digiri 78.4, ruwa a 100, in ka ɗora cakuɗen a wuta tururin da ke fara tashi itanol ya fi yawa a cikinsa, ka bi da shi ta bututun da ruwan sanyi ke zagayawa ya koma ruwa ya ɗiga. Amma fa ba itanol zalla ke tashi ba, yana jan ruwa su taho tare. Tukunya da bututu kawai za su baka kashi 40 zuwa 50 a zagayen farko, wannan ba mai bane, ko ashana ce da ƙyar zai ci da kyau balle inji. Abin da ake yi sai a kafa doguwar bututu a tsaye kan tukunyar, ta jan ƙarfe ko sitenles, a cika ta da sosan ƙarfe mara tsatsa ko ƙananan zobban tangaran, a sa abin sanyayawa a can sama yadda wani ɓangare na tururin zai riƙa komawa ƙasa yana haɗuwa da mai hawowa, a kowane haɗuwa ruwa na yin ƙasa itanol na yin sama. Da wannan, in ka yi haƙuri baka cika wuta ba, zaka kai kashi 90 zuwa 95. Daga nan kuma an zo bango, a wajen kashi 95.6 na nauyi itanol da ruwa tare suke tafasa, tururin da ruwan da ke ƙasa duk ƙarfinsu ɗaya, ko sau nawa ka maimaita ba zai ƙaru ba.

Yanzu lissafinka. Lita ɗaya ta itanol ƙarfinta wajen megajul 21 ne (megajul ma'aunin makamashi ne), ta fetur wajen 32, kenan lita 30 ɗinka ta fetur tana buƙatar kamar lita 45 na itanol a madadinta. A masana'anta tan ɗaya na ɗanyen rogo yana ba da wajen lita 150 zuwa 180, don haka kilo 100 da ka tambaya lita 15 zuwa 18 ne, a gida ka sa ran ƙasa da haka. Kana buƙatar kusan kilo 300 kowane sati, da duro biyu da ɗoriya na tsimi, a shekara ana maganar tan 15. In masara ce tan yana ba da wajen lita 400, rake wajen 70 zuwa 85. Ka zauna da waɗannan lambobin tukuna kafin ka sayi ko ƙusa.

Bakanike_Na_Gareji:

Malam ya gama da ɓangaren haɗawa, ni bari in yi maganar ƙarfe tunda nan ne nawa. Oga mai tambaya, duk mutanen da suka baka amsa kowa ya faɗi rabin gaskiya ne. Kashi 10 na itanol a cikin fetur, wanda ake rubutawa E10, yawancin motocin fetur masu injekta suna sha lafiya lau, ƙasashe da yawa ma shi ake sayarwa a gidan mai, a Amurka har E15 hukumarsu ta yarda da shi ga motocin da aka ƙera daga 2001 zuwa sama. Amma daga nan in ka ci gaba da ƙarawa labari ya canza.

Dalili shine fetur yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi 1 kafin ya ƙone daidai, itanol kuwa 9 ga 1 yake so, ma'ana iskar da injin ya shaƙa ɗaya ce amma man da za a fesa dole ya ƙaru sosai, in zalla ne da wajen rabi, in E85 ne, wato gauraye mai itanol har kashi 85, da wajen kashi 30 zuwa 40. Birenbos ɗin motarka, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, yana sauraron oksijin sensa mai auna iskar da ta rage a hayaƙi, in ya ji mai ya yi kaɗan zai ƙara lokacin da nozul ke buɗewa, amma yana da iyaka, yawanci bai wuce ƙarin kashi 20 zuwa 25 ba, yana kaiwa nan sai ya kunna maka cek injin, ka sa na'ura ka ga P0171, wato iska ta fi mai yawa. In ka share ka ci gaba da tafiya a haka kamar ka ba mai aikin ƙarfi rabin abincinsa ne kace ya yi aikin yini, motar zata riƙa shaƙewa in ka taka, ba ƙarfi a hawa, kuma a doguwar tafiya da kaya bawul da fistin ne ke ɗaukar wahalar. Gyaran shine manyan nozul, famfon mai da zai iya turo wannan yawan, da sake saita birenbos, ko a sa ƙaramar na'urar nan da ake haɗawa tsakanin waya da nozul tana tsawaita feshin. A kafireto abin ya fi sauƙi, faɗaɗa jet ne da gyara taimin.

Sai kayan da man ke bi ta ciki, wannan mutane basa kula da shi sai sun ji wari. Itanol yana kumbura tsohuwar roba ya sa ta tsattsage, yana cin tutiya da dalma da alminiyam ɗin da ba a yi wa rufi ba, in da ruwa a cikinsa kuma tankin ƙarfe zai yi tsatsa daga ciki. Tiyo da silin nozul a canza su da irin waɗanda aka rubuta suna jure itanol, Viton ko Teflon. Sannan yana wanke dattin da ya shekara a kwance a gindin tanki ya turo shi gaba, filtar mai zata toshe da wuri a farkon lamari, ka ajiye sabuwa a but. Baƙin mai ma ka riƙa juye shi kafin lokacinsa musamman in gajerun tafiye-tafiye kake yi injin baya ɗaukar zafi sosai, don man da bai ƙone ba da ruwa suna gangarawa ciki.

Tashi da safe ma wani abu ne, itanol zalla in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 13 zuwa 15 baya yin tururin da filogi zai kama, shi yasa motocin Brazil na da suke da ɗan ƙaramin tankin fetur a gaban inji don tayarwa kawai. Alherinsa dai oktan ɗinsa, wato ma'aunin juriyar mai ga matsi kafin ya kama da kansa, ya haura 105, injin baya ƙwanƙwasa da shi.

Kafin komai duba murfin tankinka da littafin motar, in an rubuta FlexFuel ko E85, ko murfin ruwan ɗorawa ne kamar yadda ake yi wa na Amurka, to ka huta da rabin abin da na lissafa.

Yar_Injiniya:

Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da nake so in ƙara shine tambayar da mai tambaya ya yi a ƙarshe, wato gaurayawa da fetur, domin a nan ruwan nan kashi 5 da Malam yace baya fita yake zama matsala, kuma ina ganin shi ya kamata ya fara yanke shawara a kai kafin ya ƙera komai. Fetur da ruwa basa haɗuwa, itanol ne ke riƙe su tare, kuma ƙarfin riƙonsa daidai yawansa ne. E10 ruwan da zai iya ɗauka wajen rabin kashi ɗaya cikin 100 ne a matsakaicin yanayi, in sanyi ya ƙaru abin ya ragu. To ka lissafa, ka zuba lita 1 na itanol ɗinka mai ƙarfin 95 cikin lita 9 na fetur, ruwan da ka shigar ya kai wannan rabin kashin cif, kana bakin iyaka kenan, in kuma 90 ka samu ka ninka shi. Abin da zai faru itanol ɗin zai bar fetur ya bi ruwa su kwanta a gindin tanki, daidai inda famfo ke zuƙa, sama kuma ya rage fetur mai raunin oktan. Mota ta mutu a hanya kuma sai an sauke tanki.

Hanya biyu ce. Ko ka busar da shi ya haura 99 sannan ka gauraya kaɗan-kaɗan ba tare da ka taɓa inji ba, ko ka bar shi da ruwansa ka gyara injin ya sha shi zalla. Busarwa ana yinta da ziyolait mai lamba 3A, wasu ƙananan ƙwallaye ne masu ramukan da ruwa ke shiga itanol baya iya shiga, suna shan ruwa wajen kashi 20 na nauyinsu, ka jiƙa su a ciki a rufe ka tace, sannan a gasa su a zafin digiri 200 zuwa 250 su saki ruwan a sake amfani da su, amma sai an bar su sun sha iska a fili itanol ɗin jikinsu ya tashi kafin su kusanci wuta. Wanda ka busar kuma ka rufe shi ruf, don yana jan laima daga iska ya koma gidan jiya.

Sai wuta, wadda ba a cika sa ta a lissafi ba. Ɗaga zafin lita 200 daga digiri 30 zuwa wajen 93 inda zai fara tafasa yana cin kamar megajul 53, tururin da za ka yi ta tayarwa kana mayarwa a doguwar bututun ya ci wani kamar haka ko fiye, ga dafa rogon da aka yi tun farko, ga gasa ziyolait. Lita 20 ɗin da zaka samu gaba ɗaya ƙarfinsu megajul 420 ne. In murhunka a buɗe yake yawancin zafin yana bin iska, zaka iya ƙona makamashin da ya kai wanda ka samu. Shi yasa masana'antun rake suke cin riba, ɓawon raken da aka matse shi suke ƙonawa ya basu tururi da lantarki. In da gas ko lantarkin saye zaka dafa, ka yi lissafin da kyau, ka kuma naɗe tukunya da bututun da abin riƙe zafi.

Dan Allah maganar gobara kar a ɗauke ta da wasa. Tururin itanol ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya tafi neman wuta, kashi 3.3 kawai a cikin iska ya isa ya kama, harshen wutarsa kuma shuɗi ne mai haske da rana da ƙyar ake ganinsa, mutum sai ya taka ciki bai sani ba. Kar a taɓa toshe tukunyar ruf, dole a bar mafitar iska a ƙarshen bututun sanyaya in ba haka ba fashewa zata yi. Inda man ke ɗiga ya yi nisa da murhu. In ruwan sanyaya ya tsaya a kashe wuta nan take. A ajiye abin kashe gobara mai hoda a kusa. Duron da ya taɓa ɗaukar fetur kar a kai shi wajen walda. Ɗakin da durorin tsimi suke ma a bar shi a buɗe, kabon dayoksaid yana taruwa a ƙasa ba wari ba launi, yara da dabbobi su yake fara kayarwa.

Mai_Karatu:

Hajiya ina da ja kaɗan a maganar gaurayawa. A Brazil ai itanol mai ruwa suke sayarwa a famfo, kuma masu motocin FlexFuel, masu shan fetur ko itanol, suna zuba shi kan fetur a tanki ɗaya yadda suka ga dama, tun 2003 da Volkswagen ta fito da Gol mai shan kowanne. Kafin nan ma, a ƙarƙashin shirinsu na itanol mai suna Proálcool da aka fara a 1975 bayan tashin farashin mai na 1973, motar Fiat 147 ta 1979 mai shan itanol zalla da mai ruwan take aiki. Ya nasu baya rabuwa?

Yar_Injiniya:

Tambaya mai kyau malam. Fetur ɗinsu ba zalla bane, tun daga depo an riga an zuba masa busasshen itanol fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, kashi 27 suka tsayar a 2015, don haka duk yadda direba ya gauraya itanol ɗin da ke tankin yana da yawan da zai riƙe ruwan, ga ƙasar da ɗumi. Haɗarin yana wajen gauraye mai ƙarancin itanol ne, irin kashi 5 ko 10 da mai tambaya zai so ya fara da shi don kar ya taɓa inji. Kuma nasu mai ruwan ana auna shi, ruwan baya wuce ƙa'ida, asid ɗinsa ma ana dubawa, motar kuma tun daga kamfani an yi tankinta da tiyonta da nozul don shi. Na gida wani zubin 94 wani 88, wannan rashin daidaiton shi ke ba da wahala.

Dattijo_Mai_Lura:

Yarana duk kun yi bayani mai amfani, saura doka. Na'urar da ke tace itanol na mota ita ce dai ke tace barasa, saboda haka kusan kowace ƙasa tana sa ido a kanta, wasu wuraren mallakarta ma ba izini laifi ne ko da baka kunna ta ba. A Amurka misali hukumar TTB mai kula da harajin barasa ke ba da izinin yin man itanol, ƙaramin mai yi wanda bai wuce galan 10,000 na ma'auninsu a shekara ba yana cike takarda ne ya bayyana inda zai yi, ya riƙa ajiye lissafin abin da ya fitar. Kowace ƙasa da nata tsarin, ɗana ka je ka tambayi hukumar da ke kula da harajin barasa da ta man fetur a inda kake tun kafin ka tara kaya, ka samu amsarsu a rubuce.

Sannan duk abin da ka tace ka lalata shi nan take yadda ba mai iya sha, ana zuba fetur kashi 2 zuwa 5 a ciki, ka rubuta guba a jikin jarkar ka kulle. Wanda aka yi don mota ba a ware mitanol da sauran dattin da ke fitowa tare da shi, ga dalmar walda, wanda ya kurɓa zai iya rasa idonsa ko ransa, kuma kai za a tambaya. Ruwan da ya rage a tukunya shi ma ka san inda zaka kai shi, kowace lita ɗaya ta mai tana barin lita 10 ko fiye na ruwa mai tsami da wari, in ya shiga rafi yana cinye iskar ruwan kifi su mutu. A sirka shi a ba gona kaɗan-kaɗan ko a zuba a ramin bayogas, dusar masara kuwa dabbobi na ci.

Sabon_Direba:

Kai, Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai wallahi. Gaskiya tan 15 a shekara ya fi ƙarfina ni kaɗai, amma E10 a lissafina lita 3 ne kawai a sati, wannan kam ina ganin zan iya in na samu izini. To da me zan fara, kuma ya zan gane man ya bushe sosai kafin in zuba a mota?

Malam_Kimiyya:

Madalla, wannan lissafin ya fi kama hankali, sai dai ka sani lita 3 ɗin fetur lita 2 kawai zai rage maka, ribar farko ilimin ne ba kuɗi ba. Bayan izini, kar ka fara da rogo, ka fara da molasis ko sukari a bokitin lita 20 don ka koyi tsimawa da tacewa ba tare da wahalar inzayim ba, in hannunka ya faɗa sai ka koma rogo. Kilo 4 na sukari a cika da ruwa zuwa lita 20 zai baka wajen kashi 11 zuwa 12, amma sukari zalla ba abincin da yis ke buƙata a ciki, sai ka ƙara ɗan sinadarin DAP, abincin yis ne, kamar cokali ɗaya ko biyu, molasis shi yana da nasa. Kayan awo uku kar ka yi aiki ba su, ma'aunin zafi a saman bututu, haidiromita ta sukari don ka san tsimin ya gama, da ta itanol mai kaiwa 100 don abin da ya ɗigo, ita kuma a digiri 20 aka saita ta, in man da ɗumi zata nuna maka ƙarfin da babu. In ma'aunin saman ya zauna a 78 kana kan daidai, in ya fara hawa 80 da wani abu ruwa ya fara biyowa, rage wuta ko ka canza kwalba ka mayar da na ƙarshen cikin tukunya ta gaba.

Gwajin bushewa kuma mai sauƙi ne. Samu kwalbar gilashi mai murfi, zuba mililita 90 na fetur ɗin da kake sha da 10 na itanol ɗinka, girgiza, ka ajiye a wuri mafi sanyi da kake da shi a waje ya kwana, ko ka tsoma kwalbar a ruwan ƙanƙara, amma ba cikin firij ba saboda tartsatsin wuta. In ya kwana garau ba gajimare ba layi a ƙasa, ya yi. In ya yi fari-fari ko ka ga wani ruwa ya kwanta a gindi, mayar da shi kan ziyolait. Ka kuma bincika ko fetur ɗin da kake saye an riga an sa masa itanol, don in E10 ne ka ƙara goma a kai ka koma kusan E20 baka sani ba.

Bakanike_Na_Gareji:

Ƙari kaɗan oga, kar motar ta zama wurin gwajin farko. Nemi tsohon ƙaramin inji mai kafireto, na janareto ko na ban ruwa, ka canza masa tiyo ka gwada gaurayen a kansa, bayan ya yi aiki ka kwance kofin kafireton ka duba ko akwai ruwa ko farin gari a ciki, ka ciro filogi ka ga launinsa. In komai lafiya sai ka shiga mota da kashi 5, ka sa na'urar OBD mai karanta birenbos ka duba fiyul tirim, wato yawan ƙarin man da birenbos ke yi, kafin da bayan ka zuba, in ƙarin bai wuce kashi 10 ba ka hau zuwa E10 ka tsaya nan. Ka turo mana sunan motar da shekararta da lambobin da na'urar ta nuna, zan duba maka ko tiyonta da famfonta na asali za su jure.